Darasin kiwo: In kaza ta daina ƙwai

A ƙauye da wuya a shiga gida ba a ga kaza ba. Galibi kaji na mata ne da yara. Kaza ita ce asusun uwar gida. In yaro ya kwanta ciwo, ita ake kamawa a kai kasuwa a sawo magani. In baƙo ya sauka, ita ake yankawa. Da kuɗin kaji ake sayen akuya, da kuɗin awaki ake sayen saniya.

Duk wannan arziki daga ƙwai yake farawa. In kaza ta daina ƙwai, ko ta riƙa yin ƙwai marar ɓawo, ko ƙwan ya ƙi ƙyanƙyashewa, asusun ya fara ramewa. Wasu sukan ce baki ne, wasu su ce sammu. Alhali mahi yawan matsalolin ƙwai suna da dalili wanda ido ke gani: abinci, ruwa, zahi, ƙwari ko cuta. Mai kaji da ya gane dalilin da wuri, shi ke tsirar da kazarsa.

1. Yadda ƙwai ke haɗuwa cikin kaza

Duk wadda ta taɓa gyara kaza mai ƙwai ta gani: cikin cikinta, kusa da ƙashin baya, akwai gungun gwaiduwa, manya da ƙanana. Kusa da su akwai wani dogon abu mai kama da hanji, amma ba na abinci ba ne. Ita ce hanyar ƙwai.

In gwaiduwa ɗaya ta nuna, sai ta faɗa cikin hanyar. Cikin awa 3 farin ƙwai ya kewaye ta. Cikin awa 1 kuma tantani ya ruhe su. Daga nan sai aikin ɓawo, wanda ke cin wajen awa 20, galibi da dare. Gaba ɗaya ƙwai yana ɗaukar wajen awa 25 kamin ya hito.

Kaza tana yin ƙwai ko babu zakara. Amma ƙwan da zakara bai taka ba, ba ya zama ɗan tsako. Zakara 1 mai ƙarhi ya ishi kaji 10.

Kazar gida tana fara ƙwai tana da wata 6 ko 7. Takan yi ƙwai 10 zuwa 15, sai ta yi kwanci kwana 21, ta ƙyanƙyashe, ta yi reno wajen wata 2. A shekara takan yi haka sau 3 ko 4, wato ƙwai 30 zuwa 60. Kajin gidan gona suna wuce ƙwai 250 a shekara, don irinsu dabam ne, abincinsu kuma cikakke ne.

Saboda haka ba kowane hutu ne ciwo ba. Kaza mai kwanci, da mai reno, da mai zubar da gashi don ta sake sabo, duk ba su yin ƙwai. Tsohuwar kaza ma, wadda ta wuce shekara 3, ƙwanta yana raguwa.

2. Yadda ake gane kaza mai ƙwai

A kama kaza a hankali, a duba wuri 3.

Zanko: na mai ƙwai ja ne, mai laushi da ɗumi. Na wadda ta daina ya ƙanƙance, ya koɗe.

Dubura: ta mai ƙwai tana da faɗi da danshi. Ta wadda ta daina ƙarama ce, busasshiya.

Ƙashin gindi: akwai ƙananan ƙasusuwa 2, dama da hagu na dubura. In yatsa 2 ko 3 sun shiga tsakaninsu, kaza tana ƙwai. In yatsa 1 kawai ya shiga, ba ta yi.

In alamu sun nuna tana ƙwai amma ba a ganin ƙwan, to tana ɓoye shi wani wuri, ko kuwa maciji, ɓera, kare ko ita kanta ke shanye shi.

3. Ƙwai marar ɓawo

Wata rana akan tarar da ƙwai a gurbi, babu ɓawo sai tantani. Wata rana kuma ɓawon yana nan, amma da an taɓa shi sai ya fashe. Sagara wadda ta fara ƙwai takan yi haka sau 1 ko 2, ba abin damuwa ba ne. In abin ya daɗe, kaza tana neman alli.

Ɓawon ƙwai kusan dukansa alli ne. Masana suna kiran sinadarin da ke cikinsa kalsiyum. Shi ne ke cikin ƙashi, shi ne ke cikin allin da mata masu kaɗi ke shafawa a yatsa. Kowane ɓawo yana cin wajen giram 2 na kalsiyum. Hatsi da dawa da dussa ba su da shi sai kaɗan. In kaza ba ta samu cikin abinci ba, sai jikinta ya ɗebo daga ƙashinta. Shi ya sa wata kazar, bayan ta yi ƙwai da yawa, ƙafa ke kasa ɗaukarta.

Maganin yana nan cikin gida, ba ya cin kuɗi:

A tara ƙasusuwan dabba, a ƙona su har su yi fari, a daka.

A tara ɓawon ƙwai, a gasa shi a wuta, a daka. Kada a ba kaza ɗanyen ɓawo yadda yake, don tana iya koyon fasa ƙwanta ta sha.

Inda ake samun ɓawon katantanwa, shi ma a ƙona shi a daka.

Kada a daka ya yi laushi kamar gari. A bar shi tsaki-tsaki, kamar ƙwayar hatsi. Irin wannan yana daɗewa cikin ƙundu, jiki yana ɗiba a hankali cikin dare, lokacin da ake gina ɓawo. A zuba shi cikin wani kasko dabam. Kaza mai ƙwai ta san gwargwadon da take so. Kada a gauraya shi cikin abincin ƴan tsaki, don yawansa yana ɓata musu ƙoda.

Kanwa ba alli ba ce. Ba ta gina ɓawo, kuma yawanta yana sa kaza zawo. Haka yawan gishiri.

4. Abinci, ruwa da zahi

Da damana kaza tana samun tsutsa, fara da ɗanyen ganye. Da kaka tana samun tsaba a masussuka. Amma da rani da bazara ƙasa ta bushe, tono ba ya ƙosar da ita. Kazar da ba ta ƙoshi ba, ranta take tsarewa, ba ƙwai ba.

Farin ƙwai da gwaiduwa suna bukatar abinci mai gina jiki. Bayan hatsi da dussa, a ƙara mata ɗaya daga cikin waɗannan: gara, fara, garin ƙuli-ƙuli marar yaji, dafaffen wake, garin busasshen kihi. Ganyen zogale yana ƙara lahiya, yana kuma sa gwaiduwa ta yi launi mai kyau. Abincin da ya yi hunhuna, kada a ba kaza.

Gara ba ta da wuyar samu. A cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da gutsattsarin kara, a yayyafa ruwa, a kife ta kusa da inda gara ke bi, nesa da ɗaki da rumbu. Da sahe a ɗaga, a zazzage wa kaji.

Ruwa kuwa, kashi 3 cikin 4 na abin da ke cikin ƙwai ruwa ne. Kaji 4 suna shan wajen lita 1 a yini. Da bazara suna iya shan ninkin haka. Kazar da ta yini da ƙishirwa tana iya yin kwanaki ba ta yi ƙwai ba.

Kaza ba ta yin gumi. A watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zahi ke wuce awo 40 a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, sai ta buɗe baki tana haki. Yawan haki yana rage ƙarhin ɓawo. Ga shi kuma ba ta cin abinci sosai. A yi mata rumfa. A aje kaskon ruwa a inuwa, a sake ruwan sau 2 a yini. A ba ta abinci da sassahe da marece, lokacin da gari ya yi sanyi.

5. Ƙwai ya maƙale

Wannan matsala ce ta gaggawa. Kaza tana shiga gurbi tana hita, tana yunƙuri, ƙwai bai hito ba. Ta daina ci. Tana tsayawa da gindi ƙasa, gashi a tashe. In an shafa ƙasan cikinta a hankali, akan ji ƙwan kusa da dubura. In an bar ta haka, tana iya mutuwa cikin kwana 1 ko 2.

Abin da ke kawo shi: ƙwai ya yi girma, ko marar ɓawo ne, ko kaza ta yi ƙiba, ko ta yi ƙanƙanta, ko jikinta ba shi da alli. Domin alli ba ɓawo kawai yake ginawa ba, har da ƙarhin yunƙuri.

Abin yi: a zuba ruwan ɗumi cikin kwano, wanda hannu ke iya zama ciki. A zaunar da gindinta ciki minti 15 zuwa 20. A tsane ta da tsumma mai tsabta. A wanke hannu da sabulu, a shafa man gyaɗa a bakin dubura. A aje ta wuri mai duhu, marar hayaniya, da ruwa da alli kusa da ita. In bai hito ba bayan ƴan awoyi, a sake.

Kada a matsa cikin da ƙarhi. Kada a fasa ƙwan a ciki. Ɓawon da ya fashe yana yanka hanyar ƙwai, ciwo ya shiga. In gari ya waye ƙwai bai hito ba, a kai ta wurin malamin dabbobi. In yana nesa, a yanka ta tun ba ta zama mushe ba.

6. Hitar baya

Wani lokaci, bayan kaza ta yi ƙwai, sai a ga jan nama ya hito ta dubura, bai koma ba. Bakin hanyar ƙwai ne. Ya hi samun sagarar da ta fara ƙwai da wuri, da kaza mai ƙiba, da mai yin manyan ƙwai masu gwaiduwa 2.

Abu na farko, a raba ta da sauran kaji nan take. Kaji in sun ga ja sai su yi ta sara, har su jawo hanjinta. A wanke wurin da ruwan da anka tafasa ya huce, da ɗan gishiri kaɗan. A shafa mai, a mayar da naman a hankali da yatsa mai tsabta. A ruhe ta cikin kwando a wuri mai duhu na ƴan kwanaki, a ba ta ruwa da tsaba kaɗan, don ta dakata da ƙwai, wurin ya huta.

Sau da yawa abin yana dawowa. In ya dawo, yanka ya hi. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta.

7. Kumburin ciki

Wannan ya hi kama kaji masu shekaru. Ko dai gwaiduwa ta kuskure hanya ta faɗa cikin ciki, ko ƙwayoyin cuta sun hau daga dubura zuwa hanyar ƙwai. Ƙazamin gurbi yana ƙara kawo shi.

Kaza ta daina ƙwai. Ƙasan cikinta ya kumbura kamar salka, ƙirjinta kuwa ya rame. Tana tahiya a miƙe, ƙafa a buɗe. Irin wannan da wuya ta warke. In an buɗe cikin, akan tarar da ruwa, ko wani abu rawaya mai wari kamar dafaffiyar gwaiduwa. Naman nan ba na ci ba ne. A binne shi da zurhi.

Rigakahinsa tsabta ce: a share akurki, a sake ciyawar gurbi, kada kaji su sha ruwan kwatami.

8. Ƙwari masu shan jini

Kazar da ake shan jininta ba ta yin ƙwai, mai kwanci kuma takan gudu ta bar gurbi.

Kaskar kaji ita ce babbar ɓarauniya. Da rana tana ɓuya cikin tsagar bango da ɓawon itace. Da dare take hitowa ta sha jini, tana kuma sa wa kaji zazzaɓi mai kisa. Wanda ya duba kaza da rana ba zai gan ta ba. Sai a haska akurki da tocila da dare. Ƙuma tana manne a zanko da kewayen ido. Ƙwarƙwata tana ƙarƙashin gashi, musamman wajen dubura. Tsutsar ciki kuma tana cinye abincin da kaza ta ci.

A yaɓe tsagar akurki. A ƙona tsohuwar ciyawar gurbi bayan kowane kwanci. A tara toka da rairayi a inuwa don kaji su yi birgima. A shafa mai a kan ƙumar da ta manne, ban da cikin ido. Maganin kaska da na tsutsa, a neme su wurin malamin dabbobi.

9. Annoba

In kaza ɗaya ce ta daina ƙwai, matsalarta ce. In duka kajin gida sun rage ƙwai cikin ƴan kwanaki, ɓawo ya yi laushi, to a yi hattara.

Annobar da ke share kajin ƙauye, likitocin dabbobi suna kiranta Niyukasal, sunan wani gari na Ingila inda anka gan ta a 1926. Ta hi tashi lokacin ɗari, da iskar hunturu. Alamunta: kaji suna gyangyaɗi, kashi kore, numfashi da ƙyar, wuya ya murɗe, mutuwa da yawa. Ba ta da magani. Rigakahi kawai gare ta. Akwai na allura, wanda ake maimaitawa bayan wata 6. Akwai na ɗigawa a ido, wanda ake maimaitawa bayan wata 4. Lahiyayyun kaji ake yi wa, kamin ɗari ya shigo, ba bayan cuta ta shiga gari ba. In mutanen ƙauye sun haɗa kai sun kira mai rigakahi rana ɗaya, kuɗin yana sauƙi, kuma babu gidan da zai zama ƙofar cuta.

Akwai kuma murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a Magariya, jihar Damagaram, a watan Fabrairu 2006. Da ido ba a iya raba ta da Niyukasal, ita kuwa tana iya kama mutum. Don haka in kaji suna mutuwa da yawa, kada a yanka su, kada a ci, kada a kai kasuwa, kada yara su taɓa su. A sanar da mai gari da ma'aikatan kiwo.

Kazar da anka sawo a kasuwa ko anka kawo kyauta, a ware ta sati 2 kamin ta shiga cikin na gida.

10. Baragurbi

Kaza ta kwanta kan ƙwai 14, ta ƙyanƙyashe 5. Sauran sun zama baragurbi. Asara ce ta kwana 21, kuma ana iya rage ta.

A zaɓi ƙwai mai tsabta, marar tsaga, wanda bai wuce kwana 7 ba. Kada a wanke shi. A aje shi wuri mai sanyi, kusa da randa, tsinin yana ƙasa. Wanda ya koyi rubutu, ga wurin amfani da shi: ya rubuta ranar kowane ƙwai a jikin ɓawo da alƙalamin gawayi, don ya san sabo da tsoho.

Ƙaramar kaza, ƙwai 8 zuwa 10 sun ishe ta. Wanda jikinta bai ruhe ba, ba ya samun ɗumi. Sauran a ci ko a saida. A aje ruwa da tsaba kusa da gurbi.

Bayan kwana 7 zuwa 10 na kwanci, a haska kowane ƙwai da tocila cikin duhu. Mai rai yana da jijiyoyi ja kamar saƙar gizo. Wanda haske ya ratsa sarai, babu ɗan tsako ciki, a hidda shi.

In yawancin ƙwan babu rai, a dubi zakara. Ko ya tsufa, ko kaji sun yi masa yawa. Yana da kyau a sake zakara daga wani gida bayan shekara 1 ko 2, don kada ya riƙa taka ƴaƴansa.

Masu sa wa kaza ƙwan zabi da damana su tuna: ƙwan zabi yana kwana 26 zuwa 28. In za a haɗa shi da na kaza, a riga sa na zabi da sati 1.

11. Abin da ba a yi

Kafson mutane da ake saidawa a tebur ba maganin kaza ba ne. Ba ya gina ɓawo, ba ya warkar da annoba, kuma yana shiga cikin ƙwan da yara za su ci. Maganin ƙwarin gona guba ne, ba a shafa shi ga kaza. In malamin dabbobi ya ba da magani, a tambaye shi kwana nawa za a jira kamin a ci ƙwai ko nama.

Ƙwai kuma ba ya sa yaro sata. Abinci ne mai gina jikin yaro da mace mai ciki, in an dafa shi ya dahu sosai. An ce ƙwai a baka ya hi kaza a akurki.

Abin riƙewa

Alli cikin kasko, ruwa a inuwa, abinci mai gina jiki da rani, akurki mai tsabta, rigakahi kamin ɗari. Mai kaji ya riƙa duba ƙwai kullum, don a jikin ƙwai ake fara ganin ciwon kaza. A karanta darasin nan a wurin karatu, a kuma bayyana shi ga matan gida waɗanda ba su fara karatu ba tukuna, tunda su ne masu kajin.

Tambayoyi

1. Awa nawa ƙwai ke ɗauka kamin ya hito?
2. Me ya sa ake gasa ɓawon ƙwai kamin a ba kaza?
3. Me ba a yi in ƙwai ya maƙale?
4. Wane lokaci ya kamata a yi wa kaji rigakahi?
5. A ƙauyen nan, wane wata kaji sunka hi mutuwa bara? Wa za a aika wurin malamin dabbobi bana?

Lissahi

1. Wata mata tana da kaji 5. Kowace ta yi ƙwai 12, sau 3 a shekara. Ƙwai nawa ke nan?
2. In ta sa rabi kwanci, ta saida rabi, kowane ƙwai dala 20, dala nawa ta samu?
3. Kaza ta fara kwanci ran 3 ga wata. Ran nawa ga wata za ta ƙyanƙyashe?